Idan Dabba Ta Raunata Mai Kula da Ita: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jinya, Diyya da Alhakin Maigida a Damagaram

A jihar Damagaram, daga Tanut da Gure har zuwa Magarya da Matamaye, mutane da yawa suna cin abinci ne ta hanyar kula da dabbobin da ba nasu ba. Akwai makiyayin da ke kora garken wani ɗan kasuwa na birni, akwai yaron da ke ba shanun turke dusa da harawa a bayan gida a Zango ko Garin Malam, akwai mai riƙe shanun huɗa da damina, akwai kuma samarin da ke loda shanu a manyan motoci a Kundumawa da Bakin Birji domin a tsallaka da su Maigatari ko Mai'aduwa. Idan dabba ta ji wa ɗayansu ciwo, maganar da ke biyo bayan jaje ita ce ta kuɗin magani, kuma a nan ne zumunci kan yi tsami. Amsoshin da ke ƙasa sun dogara ne da dokokin Nijar, kuma bayani ne na gaba ɗaya. Wanda maganarsa ta kai ga shari'a, sai ya kai takardunsa wajen sufeton aiki ko lauya.

Waɗanne raunuka ne masu wannan aiki suka fi gamuwa da su?

Kowace dabba da irin nata. Sa yana tunkuyi da ƙaho, yana taka ƙafa, yana kuma matse mutum da bango ko da jikin mota har haƙarƙari ya karye. Saniya tana shuri ta gefe, musamman lokacin tatsa, kuma mai sabuwar haihuwa ba ta san uban gidanta ba idan aka taɓa mata maraƙi. Jaki da doki suna harbi ta baya, suna kuma cizo. Amale a lokacin sanyi, sa'ad da yake neman taguwa, yana cikin mafiya haɗari, domin cizonsa yana murƙushe ƙashi, kuma raunin yakan ruɓa idan ba a wanke shi da wuri ba. Ko ragon layya da ake rainawa yana iya goce wa babban mutum gwiwa.

Masu aikin sun san cewa ba a sake dabba take yin ɓarna ba, sai lokacin da aka takura ta: wajen kayar da sa domin allura ko dandaƙa, wajen sa dabaibayi, wajen hawar da shanu mota da duka da ihu. Akwai kuma raunin da igiya ke jawowa. A rijiyoyi masu zurfi na Damargu, inda sa ko raƙumi ke jan guga, igiyar da ta taru a ƙasa tana iya naɗe ƙafar mai tsayuwa a bakin rijiya, dabbar kuwa tana can nesa tana tafiya, ba ta san abin da ke faruwa a bayanta ba. Haka wanda ya nannaɗe igiyar sa a tafin hannunsa domin kada ta kuɓuce masa, idan san ya zabura, yatsu ne ke tafiya.

Ba mu rubuta komai da maigida ba. Doka tana ɗauka ta a matsayin ma'aikaci?

Tana ɗauka, muddin abubuwa uku sun haɗu. Dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda ya sa ƙarfinsa a aikin wani, a ƙarƙashin umurninsa da ikonsa, domin a biya shi lada, ko namiji ne ko mace, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Ba ta ware aikin gona ko na kiwo ba. Idan maigida ne ke faɗa maka inda za ka kai dabbobi, lokacin ban ruwa da lokacin dawowa, shi ne ke iya yi maka faɗa ko ya sallame ka, kuma yana biyan ka a ƙarshen wata, to kai ma'aikacinsa ne ko da ba a taɓa ɗaukar alƙalami tsakaninku ba. Rashin takarda ba ya soke yarjejeniya, sai dai yana wahalar da tabbatar da ita, shi ya sa shaidar maƙwabta, da saƙonnin waya, da rasit na kuɗin da ake aiko maka suke da daraja.

Makiyayin da ake biya da nono, ko hatsi, ko maraƙi bayan wasu watanni fa?

A nan ne maganar ta fi sarƙewa, domin kiwo a ƙasar nan ya girmi dokar aiki nesa ba kusa ba. Biyan lada da abin da ba kuɗi ba bai isa ya fitar da mutum daga sahun ma'aikata ba. Abin dubawa shi ne wa ke da iko. Makiyayin da ke tsare da garken mutum ɗaya, yana bin umurninsa, yana da hujja mai ƙarfi ta cewa shi ma'aikaci ne. Amma makiyayin unguwa, wanda ke tattara awaki da tumaki na gidaje da dama da safe ya dawo da su da marece, kowa yana biyan sa bisa kai, shi ke zaɓar makiyayarsa, kuma shi ke karɓa ko ƙin dabbar da ya ga dama, wannan ya fi kusa da mai sana'ar kansa. Haka wanda aka ba aron saniya ta hanyar habbanaye ba ma'aikacin mai saniyar ba ne, taimako ne na zumunci. Alƙali ba ya tsayawa a kan sunan da mutane suka ba hulɗarsu, yana duba yadda take gudana ne a zahiri.

Maigida ya ce ƙaddara ce, kuma malamai sun ce ɓarnar dabba ba ta da diyya. Haka ne?

Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, amma imani da ita bai taɓa ɗauke wa kowa haƙƙin da ke kansa ba. Hadisin da ake nufi ingantacce ne, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, kuma yana nuna cewa raunin da dabba ta yi da kanta ba a biyan sa. Sai dai malaman Malikiyya ba su bar shi a sake ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa mai kora dabba, da mai jan ta, da mahayinta, suna lamunin abin da ta taka, kuma malaman sun ɗora lamuni a kan wanda ya ci gaba da riƙe dabbar da aka san ta da cutar da mutane bayan an gargaɗe shi. Saboda haka Alhajin da aka sha gaya wa cewa bijiminsa ya fara bin mutane, ya ce a bar shi sai ya ƙara ƙiba kafin Salla, ba shi da mafaka a wannan hadisi.

Ta fuskar dokar ƙasa kuwa, hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce tsarin haɗarin aiki da CNSS, wato asusun ƙasa na inshorar ma'aikata, ke gudanarwa, wanda ba ya tambayar wa ya yi laifi. Ya isa a ce raunin ya faru a wurin aiki ko saboda aiki. Ta biyu ita ce aya ta 1385 ta kundin dokar farar hula, wanda Nijar ta gada daga Faransa, wadda ta ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita ko mai amfani da ita a lokacin, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta tsinke. A dukkan hanyoyin biyu, kalmar “ban yi da gangan ba” ba ta wanke mai dabba.

Me ya kamata a yi a ranar da abin ya faru?

Na farko shi ne a kai mutum asibiti, ko da ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya ce babu komai. Wanda sa ya tunkuya a ciki, ko jaki ya harba a kai ko a haƙarƙarin hagu, yana iya yin sa'o'i yana hira alhali jini na zuba a ciki, domin saifa takan fashe ba tare da ko ƙwarzane a fata ba. Jiri, da gumi mai sanyi, da kumburin ciki, da amai ko yawan barci bayan bugun kai, alamu ne na a garzaya babban asibitin Damagaram ba tare da jiran wayewar gari ba. Raunin ƙaho da na cizo a wanke su sosai da ruwa da sabulu, kada a cusa toka ko kashin shanu ko man mota, kuma a yi allurar tetanos, domin ƙwayar cutar tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana.

Na biyu shi ne takarda. A roƙi likita ya rubuta takardar shaida ta farko, wadda ta faɗi irin raunin, da ranar, da kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba, kuma a gaya masa ƙarara cewa a bakin aiki abin ya faru. A adana takardun magani, da na hoton ƙashi, da rasit na farmasi, har da na mota. A riƙe sunayen waɗanda suka gani da idonsu. A ɗauki hoton dabbar da waya, ta yadda shaidar mai ita da ke jikinta za ta fito, saboda sa mai tunkuyi ba ya daɗewa a gida bayan ya yi ɓarna. Ranar kasuwa ta gaba yakan riga ya shiga mota.

Na uku yana kan maigida: doka ta ba shi sa'o'i 48 ya sanar da haɗarin ga sufeton aiki da CNSS, kuma dukansu suna da ofis a birnin Damagaram. Idan ya ƙi ko ya yi ta jan ƙafa, ma'aikacin ko iyalinsa suna da ikon kai sanarwar da kansu, har zuwa shekara 2 bayan haɗarin. Amma ba dabara ba ce a jira, domin shaidu suna tafiya cin rani, rauni kuma yana warkewa ya bar tabon da ba ya faɗin ranar da aka yi shi.

Mun fi yarda da mai ɗori. Zuwa wajensa yana ɓata mana haƙƙi?

Mai ɗori ba ya ba da takardar da CNSS ko kotu za su karɓa, kuma idan ƙashin ya haɗe a karkace, ko ɗaurin ya yi tsanani har hannu ya mutu, maigida zai ce ba dabbarsa ce ta nakasa mutum ba, ɗori ne. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce ko kaɗan. Iyalin da suka nace sai sun je wajensa, aƙalla su fara biyawa ta asibiti a ɗauki hoto, a rubuta takarda.

Idan an yi wa ma'aikaci rajista, me CNSS ke biya?

Asusun, wanda aka kafa a 1965, yana ɗaukar kuɗin jinya gaba ɗaya: ganin likita, kwanciya, tiyata, magani, da ƙafar roba ko makamancinta idan an yanke gaɓa. Ladan ranar da haɗarin ya faru maigida ne ke biyan sa cikakke. Daga washegari asusun yana biyan kuɗin yini, rabin ladan yini a cikin kwana 28 na farko, sannan kashi biyu cikin uku daga rana ta 29 har a warke ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. A ƙiyasi, mai albashin jika 60 a wata, wato sefa 60,000, ladan yininsa jika 2 ne, saboda haka zai karɓi jika 1 a kowace rana da farko, daga baya sefa 1,333. Idan ya yi kwana 60 a kwance, abin da zai shigo hannunsa jika 70 ne da ɗoriya. Haɗarin da ya faru a kan hanyar zuwa aiki ko komawa gida shi ma yana ciki, muddin mutum bai ratse zuwa wata sabgarsa ba.

Idan rauni ya bar nakasa, likita yana auna ta da kashi cikin 100, sannan a lissafa fansho. Lissafin yana da wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki: abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa. Wanda aka auna masa nakasar kashi 30 zai sami kashi 15 na albashinsa na shekara, wato jika 108 a shekara ga mai albashin jika 60 a wata. Wanda aka auna masa kashi 70 zai sami 25 da 30, wato kashi 55, jika 396 a shekara. Ƙaramar nakasa da ba ta kai kashi 10 ba ana biyan ta ne dunƙule sau ɗaya. Kuɗin ba su da yawa, gaskiya, kuma ba sa mayar da hannu. Amma suna zuwa shekara bayan shekara, abin da alherin maigida, komai kirkinsa, ba ya iya lamuncewa. Yana da kyau mutum ya bayyana wa likitan irin aikinsa dalla-dalla, domin babban yatsan mai tatsa da mai riƙe igiya shi ne jarinsa.

Idan haɗarin ya zo da ƙarar kwana fa?

Asusun yana taimakawa da kuɗin jana'iza, sannan yana biyan magada fansho. Matar mamaci tana da kashi 30 na albashinsa na shekara, kuma idan mata sun fi ɗaya, wannan kashi 30 ɗin ne ake raba musu daidai. Marayu suna da nasu kaso, iyayen da yake ciyarwa su ma haka, amma jimillar ba ta wuce kashi 85. Wannan ba gado ba ne, saboda haka ba a raba shi bisa ƙa'idar gado, kuma ƴan uwan mamaci ba su da hurumin karɓe shi daga hannun gwauruwa. Abin da ya fi tsayar da irin waɗannan takardu a karkara shi ne rashin takardar aure da takardun haihuwar yara, waɗanda sai an koma kotu an nemi hukuncin da ke maye gurbinsu.

Maigida bai taɓa yi mini rajista ba. Shi ke nan na rasa?

Wannan shi ne halin da akasarin masu kiwon haya suke ciki, kuma amsar ita ce ba ka rasa ba, amma hanyarka ta fi tsawo. Yin rajista wajibi ne a kan mai ɗaukar aiki, ba a kan ma'aikaci ba, kuma wanda ya ƙi sauke wajibinsa ba ya cin ribar ƙin. Ka kai maganar wajen sufeton aiki, tare da takardar likita da shaidunka. Shi zai kira maigida, ya binciki ko akwai hulɗar aiki, ya nemi sasanta ku. Idan ta tabbata cewa kai ma'aikacinsa ne, maigida yana fuskantar biyan bashin kuɗin asusu na baya tare da tara, kuma nauyin jinyar da asusu zai ɗauka da an yi rajista yana iya dawowa kansa. Masu dukiya da yawa ba su san wannan ba sai ranar da takardar sammaci ta iso.

Maigida ya ce sakacina ne, ni na tsaya a bayan jakin.

A tsarin haɗarin aiki, sakaci na yau da kullum ba ya hana diyya, domin an gina tsarin ne bisa sanin cewa mai aiki yana gajiya, yana mantuwa, yana kuskure. Wanda ya jawo wa kansa rauni da gangan ne kawai ba shi da komai. Ganganci mai tsanani wanda ba shi da uzuri yana iya sa a rage fansho, kamar yadda irin wannan ganganci daga ɓangaren maigida yake sa a ƙara shi, ƙarin kuma daga aljihunsa zai fito. Tura yaro shi kaɗai ya kama bijimin da aka san halinsa, ko ba mutum ruɓaɓɓiyar igiya bayan ya yi ƙorafi a kanta, suna cikin abubuwan da za a duba.

Dabbar da ta ji mini ciwo ba ta maigidana ba ce, ta wani ce da muka haɗu a rijiya.

Haɗarin aiki ne duk da haka, tunda aikin maigida ne ya kai ka rijiyar. Bayan wannan kana da damar bin mai dabbar a ƙarƙashin aya ta 1385 domin abin da asusu bai biya ba, asusun ma yana iya bin sa abin da ya kashe.

Ɗan ƙwadagon yini ɗaya a kasuwar dabbobi, wa zai bi?

Gajartar aiki ba ta hana shi zama aiki. Ma'aikacin yini ɗaya ma ma'aikaci ne a idon doka. Wahalar ita ce gane wanda ya ɗauke shi, domin a wajen lodi akwai mai shanu, akwai dillali, akwai direba, akwai kuma shugaban masu lodi, kuma da zarar jini ya zuba kowa sai ya nuna ɗan uwansa. Tambayoyin da ke warware wannan su ne: wa ya kira shi, wa ya yanka masa lada, wa ke ba shi umurni a lokacin. Ta ɓangaren dabbar kuma, sai a tambaya a hannun wa take a wannan sa'a, domin idan ciniki ya faɗa an sallama, alhaki ya bar mai sayarwa. Kada a bar kasuwa ta watse ba a kai maganar gaban shugabannin kasuwar ba, kuma a rubuta lambar motar.

Cutar da mutum ya ɗauka daga dabba tana cikin lissafi?

Tana iya shiga, a matsayin cutar sana'a, idan tana cikin jerin da doka ta amince da shi kuma likita ya danganta ta da aikin. Ciwon saifa na dabbobi, wanda ke fito wa mai fiɗa ko mai jima da baƙin ƙurji a hannu ko a wuya, yana cikin cututtukan da yarjejeniya ta 18 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta wajabta biyan diyyarsu, kuma Nijar ta amince da ita a 1961. Akwai kuma cutar da ke sa shanu da awaki ɓari, wadda ke kama mai taɓa mahaifa da hannu tsirara ko mai shan ɗanyen nono, ta bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Zazzaɓin Rift da ya ɓarke a yankin Cintabaraden na jihar Tawa a 2016 makiyaya ya fi kamawa. Jaki ko raƙumin da mahaukacin kare ya ciza shi ma yana iya ɗaukar haukan, saboda haka cizon dabbar da halinta ya sauya ba zato yana bukatar wanki na minti 15 da sabulu, da allurar rigakafi tun ranar. Duk mai wannan aiki da ya je asibiti da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ya fara da gaya wa likita abin da yake yi.

Ɗana mai shekara 12 ne sa ya taka a gidan da yake aiki. Yarintarsa tana rage masa haƙƙi?

Ba ta ragewa, sai ma ta ƙara wa wanda ya sa shi aikin nauyi. Dokar aiki ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, kuma ko wanda ya kai, ba a yarda a sa shi aikin da ya fi ƙarfinsa ko mai haɗari ga lafiyarsa ba. Uba ko waliyyi ne ke tsaya masa, kuma duk abin da aka biya haƙƙin yaron ne. Wannan ya haɗa da almajirin da ake ba tuwo da ɗan canji domin ya kula da turke. Nisan iyayensa ba ya mayar da shi marar gata a gaban doka, kuma malaminsa ya kamata ya sanar da su tun ranar.

Ana iya sallamar mutum yana kwance?

A'a. Lokacin jinyar haɗarin aiki yarjejeniya tana tsayawa ne, ba ta mutuwa, kuma sallamar mutum saboda raunin da ya samu a bakin aiki sallama ce ba bisa ƙa'ida ba, wadda ke da tata diyya daban.

Mun fi son a yi sulhu wajen mai unguwa ko a fada. Akwai laifi?

Babu laifi, kuma a gaskiya yawancin irin waɗannan maganganu a nan suke ƙarewa. Doka ta ba sarakunan gargajiya, daga mai unguwa da maigari har zuwa Sarkin Damagaram, ikon sasanta mutane, kuma sulhu yana da sauri, yana kuma barin ƙofa a buɗe tsakanin gidaje biyu da watakila sun yi shekaru suna tare. Illarsa ita ce ana yin sa ne a makon farko, lokacin da iyalin majinyaci ke neman kuɗin tiyata ido rufe, kuma babu wanda ya san ko ƙafar za ta koma daidai. Sai a tara dattawa, a ce, “Malam, ka yi haƙuri, Alhaji ya yi ƙoƙari,” a miƙa jika 50 da buhun hatsi, a shafa fatiha. Bayan wata shida, idan ta bayyana cewa mutum ba zai ƙara bin garke ba, kunya ta hana shi komawa.

Saboda haka idan za a yi sulhu, a raba shi gida biyu. Yanzu a yi maganar jinya da abincin iyali: wa zai biya asibiti, nawa za a riƙa bayarwa kowane wata, har zuwa yaushe. Maganar nakasa a ajiye ta sai likita ya ce raunin ya tsaya. A rubuta abin da aka amince a takarda, da sa hannun ɓangarorin biyu, da shaidu, da hatimin basaraken, kowa ya riƙe kwafinsa. Wanda bai iya karatun boko ba, ya zo da nasa mai karanta masa, kada ya dangwala yatsa a kan takardar da ɓangare ɗaya ya rubuta. A kuma sani cewa yafiyar da aka yi a zaure ba ta ɗauke wa maigida wajibin sanar da haɗarin ba.

Idan sulhu ya gagara, ina za a nufa, kuma nawa ake kashewa?

Idan maganar ta ma'aikaci da maigida ce, sai a fara da sufeton aiki. Idan ya kasa sasantawa, yana rubuta takardar rashin daidaito, a wuce kotun da ke sauraron ƙararrakin aiki, inda shigar da ƙara kyauta ne. Idan kuma maganar ta mai dabba ce da wanda ba ma'aikacinsa ba, kotun farar hula ce, kuma a can ana neman cikakkiyar asarar da aka yi, amma sai an kawo hujjar kowane kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 domin agaza wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, ta ofishinta da ke kotu.

Ni mai dabbobi ne. Nawa rajistar za ta ci mini, kuma me zan gyara a turkena?

Kason haɗarin aiki kashi 1.75 cikin 100 ne na albashi, kuma maigida kaɗai ke biyan sa; a kan albashin jika 60, sefa 1,050 ke nan a wata. Sai dai ba a biyan sa shi kaɗai, yana tafiya ne tare da kason kuɗin iyali da na fanshon tsufa, jimillar abin da ke kan maigida kashi 16.4, wato sefa 9,840 a kan wannan albashi, ana kuma cire kashi 5.25 daga na ma'aikaci. A tuna kuma cewa mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 daga Janairun 2024. Mai raguna biyar a bayan gida zai ga abin da nauyi, amma mai shanun turke ashirin da ma'aikata uku ya kwatanta shi da kuɗin tiyata ɗaya ta ƙashin cinya da watannin da za su biyo bayanta.

Gyaran kuwa ba ya bukatar dukiya mai yawa. A gina matsattsen lungu na ƙarfe ko na itace mai ƙwari inda za a riƙa yi wa shanu allura ba tare da an kayar da su ba. A bar wata ƴar kafa a shinge wadda mutum zai iya fita ta cikinta amma sa ba zai iya ba. A canza igiya kafin ta tsinke, a hana nannaɗe ta a hannu, a kuma saya wa ma'aikata takalma masu rufe ƙafa da safar hannu ta karɓar haihuwa. Kada a bar mutum ɗaya da bijimi ko amale, kuma sabon ma'aikaci a nuna masa halin kowace dabba kafin a bar shi da ita: wadda ke shuri, wadda ba ta son a zo mata ta baya, wadda ba ta yarda da baƙo. A yi wa dabbobi rigakafi a lokacin da ma'aikatan kiwo ke zagayawa, a yi wa masu kula da su allurar tetanos. Dabbar da ta taɓa bin mutum sau ɗaya a fitar da ita daga turke, kuma a gaya wa mai saye halinta kafin a sallama.